Aikin Masu Kula da Itatuwa na Hanyar Wamakko

A Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, inuwar ƙofar gida ɗaki ce ta biyu, amma yawancinmu ba mu san mai yi wa itace aiki ba sai mai gatari, wanda zai hau ya gundule rassa kaf ya bar kututture tsaye. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana yadda na sami aikin wasu masu lambun renon itatuwa da ke kan hanyar Wamakko, waɗanda ban da sayar da dashe suke zuwa har gida su duba manyan itatuwa. Su ne ke kula da dogon yaro da mangwaro da madacin gidanmu a Arkilla.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda suke yanka reshe. Sukan fara tsaga shi da zarto ta ƙasa, sannan su yanke ta sama, domin kada nauyinsa ya yage ɓawon jikin itacen, daga baya su cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke gindin reshen, inda raunin ke saurin rufewa. Da na nemi a rage dogon yaron sosai saboda ya kusa kai wa wayar lantarki, babbansu ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen ba mu cire shi a shekara guda." Ya yi bayanin cewa itacen da aka gundule yakan fito da tsiro masu yawa marasa ƙwari, kuma su ne iskar farkon damina ke karyawa a kan katanga da motoci. Ɓangaren wayar kaɗai ya rage, inuwar kuma ta tsira.

A wajen ban ruwa ma sun gyara mana al'ada. Sun hana yayyafin kullum a jikin kututture, suka haƙa kwalbati mai faɗi daidai inda inuwar rassa ta ƙare, tunda can ne ƙananan saiwoyi masu shan ruwa suke, suka ce a cika shi jefi-jefi ruwan ya nutse sosai. Sun zuba ruɓaɓɓen takin shanu, suka rufe da busasshen ganye ba tare da ya taɓa jikin itacen ba. Simintin da aka daɓe gindin madacin da shi kuwa sun fasa shi, domin yana hana ruwa da iska isa ga saiwa, kuma wannan kuskure ne da ya cika gidajen sababbin unguwanni. Kaucin da ya kama wani reshe sun cire shi tare da reshen, saboda figar ganyensa kawai ba ta hana shi dawowa.

Suna da nasu rauni. Ba su cika zuwa a ranar da suka yi alkawari ba, musamman a watan Yuli da hidimar dashe ta yi musu yawa, kuma kwashe rassan da aka yanke sai an biya kuɗin amalanke daban, abin da ya kamata su faɗa tun wajen ciniki. Na kuma lura ma'aikacin da ke hawa sama ba ya ɗaura igiya a ƙugunsa, wanda ya tayar mini da hankali ƙwarai, na kuwa gaya wa babbansu.

Kuɗinsu ya fi na mai gatari nesa ba kusa ba, amma ga wanda ke da babban itacen da yake so ya daɗe, ina ba da shawarar a kira su. A dai tsayar da rana da maganar kwashe rassa kafin su ɗauko zarto.