Hattara da masu sayar da jabun fanbel na tsofaffin motoci

Jama'a masu tsofaffin motoci, a buɗe ido. Akwai wata cuta da ake yi a shafukan sayar da kayan gyaran mota a intanet, har da wasu masu shago, kuma da fanbel ake yin ta. Ina nufin dogon bel ɗin nan guda ɗaya mai layi-layi da ke zagaya gaban inji, yana juya altaneta (mai cajin batir) da famfon sitiyari da kwampireson esi, a motoci da yawa har da famfon ruwa.

Suna samo bel ɗin da aka cire daga wata mota, su wanke shi tas, su fesa masa abin sa sheƙi, sannan su zura shi cikin kwali mai sunan Gates ko Continental ko Dayco ko Bando. Kamfanonin ba ruwansu, sunansu aka sata. Abin da ya sauƙaƙa wa 'yan damfarar aiki shi ne irin robar. Bel na da, na robar neoprene, in ya tsufa sai ya tsattsage, kowa ya gani ya gane. Daga wajejen shekarar 2000 yawanci aka koma robar EPDM, wadda ba ta cika tsagewa ba. Cinyewa take yi a hankali kamar tayar mota, don haka bel ɗin da ya gama aikinsa na iya fitowa sumul a hoto. In ya zo hannunka, juya cikinsa ka dubi ramukan da ke tsakanin layukan. Na sabo ƙasansu a tsuke yake kamar harafin V, na wanda ya sha aiki kuwa ya buɗe ya koma kamar U. Dubi gefensa ma, ko akwai zare da ya fara leƙowa, ka kuma goga rubutun bayansa da yatsa. In tawadar ta biyo hannunka, mayar masa da kayansa.

Dabara ta biyu ta fi ba ni haushi, don da baki kawai ake yin ta. Kowane bel yana da lamba, misali 6PK1750: layi 6 ke nan, tsawo milimita 1750. Sai mai kaya ya rasa lambarka, ya miƙo maka wata, ya ce: "Ai duk ɗaya ne, yallaɓai, tenshina zai ɗauke bambancin." Ƙarya ce. Tenshina shi ne abin da ke danne bel don kada ya saki, amma tazarar da yake iya ɗaukewa kaɗan ce, kuma a kan da yawansu akwai alamar da ke nuna iyakarta. Bel ya yi tsawo, ya riƙa zamewa yana ƙara, batir ba ya cika. Ya yi gajarta, ya matse ya cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Mai layi 5 a gurbin mai layi 6 kuwa, ba ma sai an faɗa ba.

Tsohuwar mota ta fi shiga wannan tarko, domin sau da yawa an taɓa canza mata inji ko altaneta, ko an cire esi, tsawon da take bukata ya bambanta da na littafi. Duk wanda ya ce sunan motar kawai ya ishe shi, bai tambayi lambar inji ko ta tsohon bel ba, kuɗinka yake so. Kwafi lambar daga bel ɗin da ke kan motar kafin a cire shi. In ta goge, sa bakanike ya auna, ya kuma duba tenshina da fulolin da bel ke bi ta kansu, don tenshina da ya mutu yana kashe ko bel na gaske. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar, kuma a yi magana a kan mayarwa kafin ka biya.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura irin wannan bel, ya lura: in fitilar batir ta kama kana tafiya, sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya, to bel ya tsinke ko ya sauka. Gangara gefe ka kashe inji nan take. In famfon ruwa a kan bel ɗin yake, cikin 'yan mintuna inji zai yi zafi har gaskit ya ƙone.