Suwic mai waya ko na'urar jefa hoto ta iska: wanne ya dace da zauren taro?

Malam, tsakanin suwic mai waya da na'urar jefa hoto ta iska da ka tambaya a kansu don zauren taronku, ɗauki mai waya ka huta. Duka biyun ni na sayo su da kuɗin ƙungiyarmu, kuma ni na sha tambaya a kansu gaban kwamiti. Suwic ɗin, wato akwatin da ke zaɓar wace kwamfuta za ta fito a allo, yana nan a bayan mumbari yana aiki, shekara ta biyar ke nan. Na'urar iskar kuwa tana durowa tare da matattun caja.

Namu mai ƙofar shiga huɗu ne da ƙofar fita biyu. Kwamfutar ofis tana ƙofa ta ɗaya, wayar da ke kan mumbari ta biyu, wadda ta ɓullo ta tsakiyar babban tebur ta uku, ta huɗun kuma mun bar ta saboda baƙo. Fita ɗaya tana zuwa majigi, ɗayar tana zuwa talabijin ɗin da muka rataye can baya saboda dattawan da ba sa hango allo. Ranar da na tabbatar kuɗin nan bai tafi a banza ba, ranar wani taron horaswa ce da ya faɗo daidai da ɗaurin auren ƙanwata. Masu gabatarwa uku ne a jere, kowa da irin kayansa. Wata baiwar Allah ta zo da Mac wanda ba shi da ƙofa sai USB-C. Wani malami ya zo da tsohuwar laftof mai VGA, shuɗin kan nan mai kusoshi biyu da ake murzawa. Na ukun filashi kawai ya zaro daga aljihu. Wanda ya gudanar da komai shi ne Baba masinja, mutumin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Abin da na yi masa kawai, na yanka takarda na manna da salatif a ƙarƙashin kowane maɓalli: OFIS, MUMBARI, TEBUR, BAƘO. Na ce, "Baba, duk inda mai magana ya tsaya, sunan wurin za ka danna." Ana tsakiyar jawabin malamin aka ɗauke wuta, UPS, batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ya riƙe suwic da majigi har aka tayar da inji, hoto ko ƙiftawa bai yi ba. Da na dawo da yamma gabana yana faɗuwa, ƙorafi ɗaya na tarar, wai shayi bai isa ba.

Sai dai kada ka ɗauka akwatin ne kaɗai ya yi wannan aikin. Rabin aikin yana cikin silin. Wayar HDMI ta yau da kullum, mai kai hoto daga kwamfuta zuwa allo, tana da iyaka: in ta wuce mita 10 zuwa 15 sai hoto ya fara walƙiya, ko ka ga ɗige-ɗige kamar an watsa gishiri a allo, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Daga mumbarinmu zuwa inda majigi yake rataye, in ka bi bango ka hau sili, ya kai mita 22, talabijin ɗin baya kuwa ya fi haka. Shi ya sa muka sa HDBaseT. 'Yan akwatuna biyu ne, ɗaya yana karɓar hoto daga suwic ya tura shi ta wayar intanet irin Cat6, ɗayan yana can jikin majigi yana mayar da shi HDMI. Tsarin ba sabo ba ne, tun 2010 Samsung da LG da Sony Pictures da Valens suka kafa ƙungiyar da ke kula da shi. Babban samfurinsa yana kai hoto mita 100, ƙaramin kuma mita 70 in hoton 1080p ne, ya sauko wajen mita 40 in 4K ne, wato hoton da ya fi 1080p tsabta. Ga zaure irin namu ƙaramin ma ya isa har da saura. Ka lura da abu ɗaya: wayar nan ko da ta yi kama da ta intanet, ba a soka ta a rauta ko suwic ɗin intanet na ofis. Daga akwati zuwa akwati take tafiya, ita kaɗai. Kuma a sa ta cikin bututu, nesa da wayar wuta, don ɓeran sili ba ya tambayar nawa aka sayo ta.

Abin da ya ci min mako guda a farko, ga shi in ba ka kyauta. Talabijin ɗinmu 4K ne, majigi kuwa 1080p. Kowane allo yana gaya wa kwamfuta irin hoton da zai iya ɗauka, ta wani ɗan bayani da ake kira EDID. To sai kwamfuta ta ji maganar talabijin ta turo 4K, majigi ya ce bai san zancen ba, allo ya yi baƙi ƙirin. Na canza waya har sau biyu, na zagi mai haɗin a zuciyata, ashe maganin wasu 'yan ƙananan maɓallai ne a bayan suwic. Na kafe shi a 1080p, shi ke nan, daga ranar ban sake ji ba. Saboda haka duk suwic ɗin da ba a iya saita masa EDID, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Kuma in ka danna maɓalli allo ya yi duhu na daƙiƙa biyu ko uku kafin sabon hoto ya fito, ba lalacewa ba ce, kwamfuta da allo ne suke gaisawa. Akwai masu sauyawa ba tare da wannan duhun ba, amma tsadarsu ta gidan talabijin ce, taron kwamiti ba ya buƙatarta.

Sauti kuma, nemi suwic mai ƙofar fitar da murya daban, ka ja waya daga nan zuwa miksa, murya ta fito ta lasifikokin zaure. In ka bar ta a ɗan lasifikan majigi, layin gaba ne kawai za su ji. Idan ka ji wani gunji yana tashi da zarar an soka cajar laftof, yawanci wutar ce ba ɗaya ba: a haɗa suwic da miksa da amfilifaya a layi guda mai wayar ƙasa ta gaske, mafi yawan lokaci gunjin yana tafiya.

Ita kuwa ta iskar, me zan ce. Wata 'yar ƙarama ce kamar filashi, ba ta da sunan kirki a jiki, mai shagon ya rantse min cewa da ita an gama da waya har abada. Takardu marasa motsi tana nuna su ba laifi. Da ka kunna bidiyo sai baki ya riga murya. Laftof ɗin da ya kama Wi-Fi ɗinta wani lokaci sai ya rasa intanet, baƙon da ya zo da kwamfutar ma'aikatarsu wadda aka kulle kuwa ba ya ma iya haɗawa, a yi ta neman kalmar sirri mutane suna kallon agogo. Ranar da na cire ta, wani bawan Allah ne ya jefa fuskar wayarsa a allo, saƙon WhatsApp na maiɗakinsa ya faɗo gaban mutum sittin, batun cefane. Akwai na gaske, ban musa ba. ClickShare na kamfanin Barco na ƙasar Beljiyam yana aiki, na gani da idona, ka soka ɗan maɓallinsa ka danna hoto ya fito. Amma kuɗinsa sai ya saya maka suwic da wayoyi da UPS har ka biya mai haɗi, kuma maɓallin nan girman aljihu ne, ka san yadda abu mai girman aljihu yake ƙarewa a wurin taro.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, don nan ne ake yanka mutane. Abu uku ne suke kama da juna a kan kanta. Akwai mai rarraba hoto, shiga ɗaya fita da yawa, hoto guda a duk allon. Akwai suwic zalla, shiga da yawa fita ɗaya. Sai irin namu, wanda kowace fita za ta iya ɗaukar kowace shiga, majigi yana nuna jadawali talabijin yana nuna wani abu daban. Wasu masu shago duk sunan "suwic" suke ba su, su miƙo maka wanda ya daɗe a shago. Juya bayan akwatin ka ƙirga ƙofofin shiga da na fita da kanka. Haka ma rubutun 4K da ke jikin kwali. HDMI 1.4 ma yana ɗaukar 4K, amma hoto 30 a daƙiƙa, har linzamin kwamfuta sai ka ga yana jan ƙafa. Mai hoto 60 a daƙiƙa shi ne HDMI 2.0, mai gudun 18 Gbps. In za su caje ka kuɗin na biyun, su nuna maka inda aka rubuta.

Babbar cutar kuma a wayar Cat6 take. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla, a kwali ana rubuta CCA in mai ita yana da sauran kunya, in ba shi da ita ba ya rubutawa. A intanet ɗin ofis tana iya lallaɓawa, amma HDBaseT ba ya yafe mata, balle in ta cikinta ake tura wa akwatin majigi wuta. Ni an taɓa sayar min da kwali guda mai mita 305, sai da aka gama ja a sili aka rufe sannan hoto ya fara ɗaukewa duk bayan 'yan mintoci. Yanzu da reza nake zuwa kasuwa. A yanko min ɗan guntu, in kankare silin wayar a gabansa: in ciki ya fito fari, alminiyam ne, in ja ne har ciki, tagulla ce. Kwalin ta gaske ma ya fi nauyi a hannu. Mai shagon da ya hana ka kankarewa ya riga ya ba ka amsa. Kuma kada ka biya sai an haɗa suwic ɗin an gwada kowace ƙofa da laftof ɗinka, a rubuta maka a rasit cewa za ka iya dawo da shi.

'Yan ƙananan kawuna biyu da za ka ɗaure a jikin wayar mumbari da igiya don kada su yi ƙafa: kan USB-C zuwa HDMI, da mai juya VGA zuwa HDMI. Na biyun hanya ɗaya yake bi, wanda ke juya HDMI zuwa VGA ba zai yi maka aikin ba, kuma VGA ba ta ɗaukar murya, sai an haɗa da 'yar wayar sauti. Ba kowace ƙofar USB-C ce take fitar da hoto ba, wasu na caji da filashi ne kawai, don haka in baƙo ya soka bai fito ba kada ka yi saurin zargin suwic. In kuma kuna taron Zoom, ka sani suwic ɗin hoto ba ya ɗaukar kyamara da makirufo, waɗannan ta USB suke bi. Mu mun kafe su a kwamfutar ofis, duk taron nesa daga ita ake yi.

Ka sayi mai shiga huɗu fita biyu, mai saitin EDID da ƙofar murya, mai maɓallai a gaba, don rimot kwana kaɗan yake yi. Extron da Kramer su ne manya in aljihun ƙungiya zai ɗauka, ATEN na Taiwan ma ba ya ba da kunya kuma ya fi sauƙi. Ka ware kuɗin UPS tun a lissafin farko, kafin ma'aji ya rufe littafi. Sannan ka ɗauki tef ka auno daga mumbari zuwa inda majigi zai rataya, ta bango da sili ba ta tsakiyar ɗaki ba, ka turo min adadin in gaya maka ko HDMI zalla za ta ishe ku.