Anod ɗin magnesiyam a ruwan Epe: yana aiki, amma ba kowane jirgi ya dace da shi ba

Anod ɗan curin ƙarfe ne da ake ɗaurewa a ƙasan injin jirgin ruwa, kusa da farfela, domin cin da ruwa ke yi wa ƙarfe ya ƙare a kansa, injin ya tsira. Akwai na tutiya, na alminiyam da na magnesiyam, kuma abin takaici shi ne wasu masu sayar da kayan jirgi a Apapa ta Legas na tutiya suke miƙa wa mai saye ba tare da sun tambaye shi ruwan da jirginsa ke kwana a ciki ba.

Jirgina yana dakon kifi da kayan miya a Epe ta jihar Legas, inda ruwan daɗi ya fi yawa saboda Kogin Osun da ke kwarara a tafkin Lekki. A irin wannan ruwa tutiya takan yi wani farin ɓawo kamar alli, ta daina narkewa, sai mai jirgi ya ɗauka ƙarko ta yi, alhali ƙasan injinsa ne ke cinyewa a madadinta. Magnesiyam ba ya yin haka, domin ƙarfin lantarkinsa ya kai kusan volt 1.6, na tutiya kuwa bai wuce 1.05 ba, kuma ruwan da ba gishiri yana buƙatar wannan ƙarin ƙarfi. Da makaniki ya ɗaga injin bayan damina, mun tarar da anod ɗin magnesiyam da na ɗaura ya yi ramuka, gefensa ya zaizaye, amma akwatin giya da farfela sumul suke, ko ƙurji ɗaya babu a fenti. Wannan shi ne aikin da na biya kuɗi dominsa, kuma na gamsu ƙwarai.

Sai dai ba zan ba wanda ke zirga-zirga tsakanin Ikorodu da tashoshin jirgin ruwa na Ebute Ero ko CMS a tsibirin Legas shawarar ya saya ba. Ruwan can zartsi ne, da rani gishirin teku yana shigowa ta mashigar tashar jiragen ruwa, magnesiyam ya narke cikin ɗan lokaci, har ma ya tayar da fentin jikin alminiyam saboda ƙarfinsa ya yi yawa. Anod ɗin alminiyam ya fi dacewa da su.

Aibin anod ɗin magnesiyam shi ne wuyar samu, sannan wasu ba su da tambarin da ke nuna irin ƙarfen. Mai saye ya auna a tafin hannunsa, domin tutiya ta ninka magnesiyam nauyi kusan sau huɗu. Wajen ɗaurawa a kankare gurbin har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kada a shafa masa fenti ko giris, kada a haɗa iri biyu a inji ɗaya, kuma a sauya shi da zarar rabinsa ya cinye.