Gona a Saudiyya, a Sudan ko a gida? Kafin ka zuba riyal ɗinka

Duk wanda ya ɗan daɗe a Jidda ko Makka ya san wannan hirar, ana shan shayi bayan isha'i sai wani ya ce shi fa ya gaji da aikin kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, gona zai saya ya huta. Toh madalla, amma a ina, kuma sunan wa za a rubuta a takardar? Wannan tambayar ta biyun ita mutanenmu ke tsallakewa.

Mu fara da nan Saudiyya tunda nan muke. Mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ba haka kawai zai tashi ya sayi gonar dabino a Ƙasim ba, shi ya sa dillalai ke cewa "Alhaji ai ba komai, a sa sunan ɗan ƙasa kai kana juya abinka". Wallahi kar ka soma. Idan harkar kasuwanci ce wannan shi ake kira tasattur, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma ko hukuma ba ta kama ka ba ranar da mai sunan ya rasu magadansa ba su san ka ba, abin da ke cikin sakk, wato takardar mallakar gonar, kawai suka sani. Ga kuma ruwa, ƙasar da ita kanta gwamnati ta janye daga noman alkama a 2016 saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙarewa, kai da ɗan jarinka me za ka haƙo?

Sudan ita ce ke jan hankalin yawancinmu, kuma da dalili, akwai dangi, akwai Hausa a kasuwa, daga Mai Wurno har Gadarif ba za ka yi baƙunta ba. Sai dai noman can iri biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. A Jazira noman ban ruwa ne, tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ake koro ruwan Nilu ta magudanai ana auduga da alkama da gyaɗa, gonar da manomi ke riƙe da ita ana ce mata hawasha. Idan wani ya ce zai sayar maka da hawasha ka tambaya da kyau, sau da yawa haƙƙin noma ne yake sakar maka ba ƙasar ba, sannan ka je da ƙafarka ka ga ko gonar na bakin magudana ko can ƙarshe, don wadda ke ƙarshe idan laka ta cike hanya sai dai ka ga maƙwabci na ban ruwa kai kana kallo. Gadarif kuwa damina ce zalla, baƙar ƙasa mai danƙo, dawa da riɗi, filaye manya da sai da tarakta, shekarar da ruwa ya yi kyau ka dara, wadda ya yanke ka tashi da bashin mai da na leburori. Ma'auninsu fadan ne, murabba'in mita 4,200, bai kai rabin hekta ba, kar a ce maka fadan 100 ka lissafa da hekta. Kuma yawancin ƙasar noma a Sudan ta gwamnati ce tun dokar 1970, haya ake bayarwa ta shekaru, don haka ka nemi shahadat bahas, wato takardar da ke nuna mai filin a rajista, daga ofishin rajistar ƙasa ka ga me aka rubuta.

Ga yaƙi kuma tun Afrilun 2023. Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disambar 2023 sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, arahar gonakin da ake ta yi maka talla daga nan ta samo asali.

Habasha da Masar ba sai na ja ba, a Habasha ƙasa ta gwamnati ce haya kawai, Masar kuma dokarsu ta hana baƙo mallakar gona.

Ni dai da kuɗina ne, zan kama hayar fadan kaɗan a Gadarif na damina ɗaya ta hannun ɗan uwan da ke zaune a can in ga yadda lissafi zai fita, sayen kuwa in yi shi a Kano ko Jigawa inda zan iya bin takardar C of O, wato shaidar riƙe fili, da sunana, ko da can ma dokar 1978 ta ce ƙasar na hannun gwamna.