Wasiƙa daga Balin: kyamarorin da zan zo da su gida

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in ba ku amsar tambayar da kuka yi mini game da kayan hoton da zan zo da su Katsina da Sallah, tun da ku ne kuka fara ɗora mini kyamara a hannu a situdiyonku.

Abin da zai fi ba ku mamaki a Jamus shi ne cewa fim bai mutu ba. Shagunan sabulu da man shafawa irin su dm da Rossmann suna karɓar wankin hoto: mutum ya sa fim a ambulan, ya rubuta sunansa, ya jefa a akwati, bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo ya karɓi hotunansa da negetif. A nan Balin kuma akwai Fotoimpex, shagon da ke cike da fim, takardar hoto da magungunan wanki, ciki har da Rodinal, wanda aka ƙirƙiro tun 1891 kuma har yau ana haɗa shi. Sai dai kaya sun yi tsada. Naɗi ɗaya na fim ɗin Kodak Portra 400 mai ɗaukar hoto 36 ya haura Yuro 15, ga kuɗin wanki a gefe, don haka babu mai danna kyamara barkatai.

Tsofaffin kyamarori ma suna da kasuwa iri biyu. Wanda ya saya a hannun dillali mai shago, doka ta ba shi aƙalla shekara guda ya koma idan wani aibi na asali ya bayyana, kuma yawanci an riga an buɗe kyamarar an gwada ta. Wanda ya saya a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi a Mauerpark kuwa, ciniki ne irin namu na gida, ka duba da idonka, in ka biya ka tafi shi ke nan. Masu gyara suna nan, aikinsu yana da kyau, amma layinsu dogo ne kuma kuɗin hannunsu kan zarce kuɗin kyamarar kanta. A wannan fanni ban ga wanda ya kai masu gyaran agogo da rediyo na gida sauri da rangwame ba, illa dai su ba su da kayan canji.

Wannan sauƙi na nan shi ne ke ruɗin mai shirin tafiya, domin kyamarar da ta fi daɗin aiki a Balin ba lallai ita ce za ta yi amfani a Ƙofar Soro ba. Na ajiye Canon AE-1 ta 1976 saboda ba ta motsi sam idan batirinta mai bolt 6 ya mutu, kuma ba batirin da ake samu a kowane teburi ba ne. Na zaɓi Nikon FM2 ta 1982, wadda komai nata na sifirin ne da ƙarfe, tana kaiwa saurin 1/4000 na daƙiƙa wajen ɗaukar hoto ba tare da wuta ba, ma'aunin haskenta kaɗai ke buƙatar ƙananan batura LR44 guda biyu, irin waɗanda masu agogo ke sayarwa a kasuwa. Wannan sauri yana da muhimmanci a ranarmu ta hantsi, musamman idan dawakai sun sako a guje wajen jafi.

Zan haɗa ta da yayarta, Nikon FM ta 1977, ba don ado ba. Kun fi ni sanin ƙurar da ke tashi ranar hawa, kuma duk wanda ya kwance gilashi a cikin wannan ƙura ya shigar da yashi cikin kyamara, yashin kuma shi ke jan dogon layi a jikin negetif. Saboda haka kowace za ta zauna da gilashinta tun daga gida: 105mm f/2.5 mai jawo na nesa domin mahaya da fuskokin dattawa, 28mm f/2.8 mai ɗauko wuri da faɗi domin lungunan cikin gari da hasumiyar Gobarau. Gilashin zum na bar shi, yana da nauyi kuma yana shaƙar ƙura duk lokacin da aka ja shi. Yashica Mat-124G irin taku ta daɗe a hannuna ina juya ta kafin in mayar da ita kabad, domin hoto 12 kacal take bayarwa a naɗi, jakar hannu kuma kilo 7 ko 8 ake yarda da shi.

Babbar matsalar tana filin jirgi. Babu jirgi kai tsaye daga Jamus zuwa Kano, dole a ya da zango, kuma kowane zango bincike ne. Tun 2020 kamfanin Kodak ya yi gargaɗi cewa sababbin injinan CT na duba jakar hannu suna lalata fim ko da wucewa ɗaya ce. Na cire fina-finan daga kwalayensu na zuba a farar leda domin in roƙi a duba da hannu, roƙon da wani ma'aikaci kan karɓa, wani kuma ya ƙi.

Tun da kun ce injinan wankin kala sun ɓace a gari, yawancin abin da zan ɗauka baƙi da fari ne, Ilford HP5 Plus na Ingila, kuma a gida nake so mu wanke shi, kada ya sake bi ta injin bincike a hanyar dawowa. Zan zo da maganin wanki na hoda. Abin da nake roƙo shi ne a fito da tankin nan naku na wankin fim da ma'aunin zafi a wanke su, a kuma yi magana da mai ƙanƙara, domin maganin yana son ruwa mai digiri 20, ruwan randa kuwa a watan zafi ya wuce haka nesa ba kusa ba. A gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.