Hattara da dillalan "kawo mu fassara, mu buga maka a ƙasar waje"

Wannan gargaɗi ne ga malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi, musamman na sassan harsunan Najeriya, da ɗaliban digiri na biyu da na uku, da marubutan littattafan Hausa. Wasu dillalai sun yi kaka-gida a zaurukan WhatsApp da Facebook, suna tallar cewa ka turo maƙalarka ta Hausa, su juya ta zuwa Turanci, su buga maka a mujallar da ke cikin Scopus (rumbun intanet da ke lissafa mujallun bincike da aka tantance) cikin mako biyu. Damfara ce.

Sun san inda yake mana ƙaiƙayi. Ƙarin girma a jami'a yana rataye da wallafa, kuma a wurare da dama mujallar waje ta fi ta gida maki. Wanda ya yi bincikensa da Hausa kan waƙoƙin baka ko karin harshe, mujallun waje da za su karɓi aikinsa yadda yake ba su da yawa. In lokacin miƙa takardu ya ƙarato, duk wanda ya ce "Malam, akwai hanya" sai a saurare shi.

Kuɗin kashi-kashi suke karɓa. Da farko na fassara, sai na tantancewa, sai na bugawa, wannan da dala ake lissafa shi, amma asusun da za a ba ka na wani mutum ne, ba na kamfani ba. Kafin kwana uku ga takardar amincewa ta iso da tambari da sa hannu. Duk wanda ya taɓa hulɗa da mujallar kirki ya san watanni ake yi, kuma da wuya maƙala ta dawo ba tare da masu tantancewa sun yi mata kaca-kaca ba.

Na ga irin aikinsu da idona a hannun wani abokin aiki da ya rubuta kan waƙoƙin noma. Na'ura aka zuba wa maƙalar, ba wanda ya ko duba abin da ta amayo. Baitocin da ya kafa hujja da su an narkar da su sun koma zube, kirarin manoma ya zama surutu marar kan gado, haruffa masu lanƙwasa duk sun rikiɗe zuwa alamar tambaya. A fitowar da aka sa shi, maƙalar da ke gabansa kan ƙarfin siminti take, ta bayansa kan ciwon suga. Da ya nemi a cire, sai aka ce ya biya kuɗin janyewa. Ga shi mujallar gaskiya ba ta karɓar abin da aka riga aka buga a wani wuri, aikin shekaru ya maƙale ke nan.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne satar sunan mujalla. Sai su ɗauki sunan mujallar gaske da lambar rajistarta ta ISSN, su buɗe shafin intanet mai kama da nata, adireshin ya bambanta da harafi ɗaya ko biyu. Ka duba Scopus ka ga sunan, hankalinka ya kwanta. Sunan na nan, amma maƙalarka ba ta je hannun masu sunan ba.

Ba yau aka fara ba. Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mawallafa kafin ya sauke jerin a 2017. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin kansa, cike da kurakurai da gangan, ya lanƙaya mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙarya, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar masu bincike. Dillalan namu ƙananan 'yan koren wannan kasuwa ne kawai.

Marubutan ƙagaggun labarai kuwa, musamman 'yan'uwa mata masu sakin littafi a waya, tarkonku daban ne. Za a yaba littafin, a ce Turawa na jiran sa, a turo yarjejeniya da Turanci a ce a sa hannu yau-yau. A cikinta ake ɓoye cewa kin sallama haƙƙin fassara zuwa kowane harshe, ba iyakar lokaci, kuma ke za ki biya kuɗin aikin. Haƙƙin fassara na marubuci ne a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, sai in shi ya miƙa da hannunsa. Ki tambayi sunan mai fassarar da abin da ya taɓa fassarawa, ki nemi babi ɗaya ki kai wa wanda ya iya harsunan biyu. Fassarar kirki tana ɗauke da sunan mai ita, kamar yadda Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya fito da Turanci a 1967 da sunan Mervyn Hiskett. Lambar ISBN ta littafi ma kada ta burge ki, rajista ce kawai, a Najeriya Laburaren Ƙasa ke bayarwa.

Kafin ka biya ko sisi, ƙi bin adireshin da dillali ya turo. Buɗe Scopus ko DOAJ (kundin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet) da kanka, ka gwada maƙalun da suka lissafa wa mujallar da waɗanda ke shafin da aka nuna maka. Ɗauki lambar DOI (lambar shaidar maƙala a intanet) ta wata maƙala a shafin nasu ka sa a doi.org ka ga inda za ta kai ka. Shafin Retraction Watch, mai bibiyar maƙalun da aka janye, na da jerin mujallun da aka sace wa suna, a duba. Mujallun Afirka na gaskiya da yawa suna AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, kuma ma'aikacin laburaren makarantarka zai taya ka bincike kyauta.

Wanda ya riga ya biya, ya adana hirarrakin da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙorafi EFCC. In batun littafi ne, har da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Maƙalar kuma kada ya sa ta cikin takardun neman ƙarin girma, domin in mai tantancewa na waje ya gano guda ɗaya, sauran ma da idon zargi zai karanta su.