Honda TL125 ko Yamaha TY175: wanne ya dace da duwatsun Adar?

Wani ɗan'uwa, mazaunin Tawa, ya ce an yi masa tayin tsofaffin babura biyu na hawan dutse, Honda TL125 da Yamaha TY175, kuma shi ba gasa yake nufi ba, yawon ƙarshen mako kawai yake so a kan hanyoyin ƙafa da ke tsakanin Tawa da Keita. Malam, ga yadda nake ganin lamarin.

Da farko dai, dukansu biyu ba a ƙera su don gudu ba. An yi su ne don wasan da Turawan Ingila suka ƙirƙiro, inda mahayi ke ratsa duwatsu da kwazazzabai a hankali ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Shi ya sa za ka ga sirdinsu siriri ne, tankin ƙarami, giyoyin farko kuwa gajeru ƙwarai, domin galibin tafiyar a tsaye ake yin ta.

Honda ta fitar da TL125 a 1973, da inji mai bugu huɗu da giya biyar. Babur ne mai sanyin hali, wanda ba ya fizgar mahayi, ba ya cika ƙara, kuma ba ya shan mai da yawa, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai shiga daji inda ko mai sayar da fetur a kwalba sai an yi tafiya kafin a same shi. Idan aka saki maƙura a gangare, injin da kansa yana riƙe babur, sai birki ya huta. Rauninsa shi ne ƙarancin ƙarfi, domin idan ka shiga yashin ƙorama mai zurfi za ka ji yana nishi. Akwai kuma wani abu da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi: sandar da ke buɗe bawuloli tana juyawa ne kai tsaye a cikin kan injin na alminiyom, kuma baƙin man da injin ke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba. Idan mai shi na baya ya yi sakaci da canjin mai, wurin yana cinyewa, gyaransa kuwa ba aikin kowane makanike ba ne. A sa a buɗe murfin sama a gani da ido. Kada kuma a ɗauka cewa kayan baburan Sin masu injin samfurin Honda CG za su shiga, domin tsarin bawulolinsu daban ne.

TY175 ya zo a 1975, bayan babban yayansa TY250 da Yamaha ta ƙera tare da gwanin Ingila Mick Andrews. Injinsa mai bugu biyu ne, giyarsa shida, ya fi Honda rashin nauyi, kuma da ɗan murza maƙura gabansa zai ɗaga ya haye dutse. A wajen hawa zalla, TL125 ba ya kama ƙafarsa. Sai dai yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma ko da yake ya fito da famfon da ke haɗa su, da yawa an cire musu shi, don haka sai a tambaya, kada a zuba fetur tsura injin ya kama. Ya fi shan mai, yana ɓata buji idan aka daɗe ana tafiyar hawainiya, kuma robobin da ke toshe gefen injin suna bushewa da tsufa. Fa'idarsa a wurinmu ita ce injinsa ɗan gida ɗaya ne da na Yamaha DT, wanda ma'aikatan gona da na ayyukan raya karkara suka daɗe suna hawa a Nijar, saboda haka hannun makanikanmu ya saba da shi.

Wani zai kawo maganar Bultaco Sherpa T ta Sifen, ita ma ta hawan dutse, wadda gwanin wasan Sammy Miller ya ɗaukaka tun 1965. Kamfanin ya rufe a 1983, kuma duk ƙusar da ta lalace sai an yi odarta daga Turai, don haka ban ga dalilin wahalar ba.

Idan yawon naka na zagaya gonaki da garuruwa ne a natse, ni TL125 zan ɗauka, muddin kan injin lafiya yake. Idan kuwa ranka na ga tsaunukan nan masu baƙin dutse na wajen Keita da Buza, to TY175 ne, amma ka ɗaura galan ɗin mai a baya. Kowanne ka saya, ka riƙa wanke soson tace iska bayan kowace fita a lokacin hunturu, ka tafi da kayan faci saboda ƙayar aduwa, sannan ka bincika wurin hukuma kafin ka nufi arewa, domin akwai yankunan da aka taƙaita zirga-zirgar babura saboda matsalar tsaro.